Ranar da Aka Tsallake Auta

Rufewa ta ƙare a garin nan, kuma ban ji wanda ya je mata ta'aziyya ba. Tun da yaran yanzu ba su san ta ba, bari in yi aikin da na saba yi a gaban allo. Rumbu ne na laka, mai ƙaton ciki da ɗan ƙaramin baki a can sama, an kifa masa hular jinka, tsayinsa ya kai mutum biyu in ɗaya ya taka kafaɗar ɗaya. A ciki gida ke ajiye geron shekara. Yau hatsi a buhu yake, buhu a sito, sito da kwaɗo, makullin kuwa a aljihun mutum ɗaya wanda bai yarda da ko ɗan cikinsa ba. Ta ƙarshe da na sani a unguwarmu ruwan sama ne ya kwantar da ita, masu gidan suka kwashe ƙasar suka cike kwata.

Ban ce da ta fi yanzu ba. Na daɗe ina zargin tsofaffin da ke cewa a zamaninsu komai lafiya lau. Yawancinsu haƙoransu suke kewa. Abin da ya tono mini wannan magana shi ne, kwanan baya wani yaro ya faɗo daga kan tankin ruwa a bayan layinmu. Kafin in dogara sanda in isa, an yi masa zobe. Rabin taron sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto, wata na sheƙa masa ruwa a ka, wani na jijjiga shi yana cewa ya tashi ya taka a gani. Na ce a kwantar da shi a kan benci, a riƙe kan kada ya motsa, kada a ɗura masa komai a baki. Wa ke sauraren tsohon malamin firamare bayan babur ya tashi? Aka cusa shi tsakanin ƙarti biyu, wuyansa na lilo, aka yi asibiti da shi. Allah ya sa yana da sauran shan ruwa, ya warke. Abin da ya tsaya mini a rai tambayar da ta fara fita daga bakin taron ce. Ba wanda ya ce ina ke masa ciwo. Cewa aka yi, wa ya turo shi?

Tambayar nan ta girme ni a Jibiya. Garin bakin iyaka ne, zargi shi ne sana'armu ta biyu bayan fatauci. Ɗan kwastan na zargin buhu, mai buhu na zargin mudu, mai mudu na zargin hannun mai awo. Yanzu in ba a yarda da mutum ba sai a ce infoma ne, yana kai wa mutanen daji rahoto. A ƙuruciyarmu maye ake cewa. Kalmar ta sauya, amma yadda ake rage murya a waiga kafin a faɗe ta yana nan yadda na same shi.

Gidanmu na gefen gari ta wajen gulbi. Luguden taɓarya ne ke tashinmu: gida ɗaya ya fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta leƙo unguwa duka na bugawa kamar hannu ɗaya ke riƙe da taɓaren. Ranar kasuwa jakunan Riko da na Mazanya su shigo a jere, raƙuman Arewa su biyo da kanwa da gishiri, suna gurnani kamar an yi musu laifi tun a gida. Iyakar da yanzu ake rufewa a buɗe kamar ƙofar mai fushi, a lokacin gora ce guda aka gitta a hanya, da wani mutum mai gajeren wando yana gyangyaɗi a gindin bedi. Akuyarmu kan ƙetara ƙasar waje ta yi kiwo ta dawo, ba wanda ya nemi takardarta. Mu yara aikinmu ɗebo ruwa, yanko ciyawa, korar tsuntsu a gona, sai kuma babban muƙami, wato shiga rufewa. Magina sukan ƙuntata bakinta da gangan don kada ƙaton ɓarawo ya shiga. Tun wurin kwaɓa laka an zuba zargi a ciki. Saboda haka yaro ake turawa. Ya hau tsani, ya ture jinkar, ya zura ƙafafu ya dira cikin duhu da ƙaiƙayi, ya cika kwando da zangarniya ya miƙo. Ana gargaɗinsa kada ya faɗa wa kowa a waje inda geron ya tsaya, ko abokin wasansa ne, don yaron rufewa shi kaɗai ya san gaskiyar gida. Ba a sauke mutum daga wannan muƙami sai ranar da kafaɗunsa suka ƙi shiga bakin. Nawa suka ƙi, aikin ya koma kan ƙanena, Auta, ni kuma na zama mai karɓar kwando a ƙasa.

Hukumar gidanmu ita ce Iya, mahaifiyar Baba. Auta ne ɗan lelenta. Maigidana take kiransa, ta ɓoye masa ƙanzo a ƙarƙashin faifai, ta ce in bai kawo cefane ba za ta kai shi ƙara gun alƙali. Karin maganarta ɗaya ne, kuma ya ishe ta fassara duniya: ruwa ba ya tsami banza. A wurinta tulu ba ya fashewa don ya tsufa, akuya ba ta ɓari don ta ci wani abu. Komai da mai shi, aikin mai hankali ya gano ko wane ne.

Danga ɗaya ta raba mu da wata mata da muke kira Gwaggo Mai Waina. Shekarar wata yunwa ta ƙetaro daga wani ƙauye bayan Maraɗi, ita kaɗai da tandarta a ka, aka ba ta bukka ta zauna. Maganarta irin tamu ce, sai dai ta fi tamu nauyi, kuma asibiti likita take ce masa, likitan kuma lokotoro. Wainarta ba ta da na biyu a unguwar, kuma hannunta a sake yake. Yaro ya je sayen biyu ya dawo da uku. Manya suka lura da wannan. Mace ba miji, ba ɗa, ba dangi, ba ta ba da labarin inda ta fito, ga ta da son 'ya'yan mutane. A garinmu wanda bai ba da labarinsa ba, akan taimaka a ƙirƙira masa.

Abin ya faru da damina, lokacin da geron gona ya yi ciki, na rufewa kuma ya koma can gindi. An yi ruwa da asuba. Tsaninmu gungumen itace ne da aka sassara wa matakai, ya sha hannu da ƙafa har ya yi sulɓi. Auta ya fito yana tauna wainar da Gwaggo ta miƙo masa ta kan danga, ya fara hawa. Na ji ta ce, "Auta, taka sannu, wanga tsani ya sha ruwa." Ya ce mata shi ko da ido rufe yana hawa. Ya shiga, ya miƙo kwando, na karɓa. Wurin fitowa ne ya miƙe tsaye a bakin rufewar don in ga bajintarsa, ya zuro ƙafa yana lalube matakin farko, ƙafar ta zame. Akwai wani tsohon turmi da ya tsage, an kwantar da shi a gindin rufewar muna zama a kai. A kansa ya sauka da haƙarƙarin hagu. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yar da buhun dusa. Ya ɗan jima bai ja numfashi ba, sannan ya tashi zaune yana ƙoƙarin dariya, sai ya ga wuyan hannunsa ya lanƙwashe kamar lauje. A nan ya fasa kuka.

Iya ta fito ba ɗankwali. Ta ɗaga shi cak, ta sheƙa masa ruwan randa, ta ce, "Taka in gani, maigidana." Ya taka. Ta duba kai, ta duba baya, ta ce alhamdu lillahi, ba jini. A ilimin gidanmu, jinin da ido bai gani ba bai zuba ba.

Aka kira maɗori. Ba zan ci amanarsa ba, mutumin ya san ƙashi. Hannun nan har yau ba ka gane wanne ne ya karye. Ya yi tofi, ya ja, Auta ya ƙwalla ƙara, ya shafa man shanu, ya jera karan dawa ya ɗaure da tsumma. Ya kafa dokokinsa: kada a motsa yaro daga inda yake, kada allura ta taɓa shi, a yanka kaza ya sha romo. Auta ya ce kafaɗarsa ta hagu na ciwo. Maɗori ya danna nan ya danna can, ya ce, "Ba karaya a nan. Shagwaɓar auta ce." Aka yi dariya, ya karɓi kazar ladansa ya tafi. Hannu aka kira shi ya gani, hannu ya gani.

Wajen azahar Gwaggo Mai Waina ta yi sallama ta shigo jaje. Auta na kwance a rumfa, kansa a cinyar Inna, mahaifiyarmu. Duk wanda ya shigo ɗorin yake dubawa ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ita ko kallon hannun ba ta yi ba. Ta durƙusa, ta ja fatar idonsa ƙasa, ta buɗe tafin hannunsa mai lafiya ta duba, ta ɗora bayan hannunta a goshinsa. Sannan ta juya wajen Iya.

"Iya, ku yi haƙuri da bakina. Wanga yaro, ba hannu na ciwo nai ba. Ku kai shi likita, Katsina, yanzu-yanzu."

"Likita kuma? Maɗori bai daɗe da hita ba."

"Maɗori ya ɗaure abin da yag gani. Ɗana haka yay yi, can gida. Daga bisa iccen ɗorawa yaf faɗo, yat tashi yat taka, har tuwo yac ci. Sai ƙishirwa, a ba shi ruwa shi ce a ƙaro. Sai yac ce kahwaɗa. Sai jiɓi mai sanyi, ciki yat tamke kamar ganga. Sa'ad da munka kai shi Maraɗi, lokotoro yac ce jini na yaz zube ciki, da mun zo da hantsi..."

Ta bar maganar a nan. Ranar muka fara jin cewa ta taɓa haihuwa. Ba ta gama gyara zama ba Auta ya buɗe ido ya ce, "Inna, ruwa."

Duk wanda ke rumfar ya juyo ya zuba wa Gwaggo ido. Dole in tsaya in bayyana, don wanda bai tashi a cikinmu ba zai ɗauka Iya mahaukaciya ce, alhali ba haka ba ne. Mu ba ma faɗin mugun abu a kan marar lafiya. Ko mutum na shure-shuren ƙarshe, ka tambaya a ce maka da sauƙi. Baki na da kaifi, abin da ka ambata ka kira shi. To wadda ta zauna a gaban uwa ta jera yadda ɗanta zai mutu, daki-daki, kuma kafin ta rufe baki na farko ya cika, me za a ce da ita? Da a aji ne, da na ce wannan mace ta ga irin ciwon ne ta gane shi. A gidanmu wanda ya faɗi abu kafin ya zo, shi ya aiko shi.

Iya ta yi magana a hankali, kamar mai ƙirga kaji da magariba.

"Kina nan sa'ad da ya ce ma maɗori kahwaɗa?"

"Ba ni nan, Iya."

"To wa ya hwaɗa miki?"

"Ba kowa. Na ce muku ɗana..."

"Da sahe wa ya kira mishi hwaɗuwa ta bisa danga? Wa ya ba shi waina ba a aike shi saye ba?" Ta gyaɗa kai. "Ashe kin taɓa ɗa. Kin cinye naki, kin ƙetaro cin namu."

Gwaggo ta tashi ta fita, ta manta takalminta ɗaya a bakin rumfa.

Kafin la'asar gidanmu ya cika. Baba ya dawo daga gona da laka har gwiwa, ya tarar an riga an yanke hukunci. Duk abin da matar nan ta lissafa yana zuwa bi da bi. Auta ya shanye moɗa ya nemi wata. Leɓensa ya yi fari, gumi mai sanyi ya karyo masa, cikinsa ya ɗaure, in an taɓa sai ya yi nishi. Kowace alama ta bayyana sai a dubi juna a ce, ka gani ko? Shaidar da ya kamata ta sa a ruga da shi asibiti ita ce ta zama shaidar maita. Aka turara hayaƙi, aka kawo rubutu aka ɗura masa, ya amayar. Inna, wadda ba ta ɗaga murya a gaban surukarta, ta ce da Baba ƙasa-ƙasa, "Malam, ko a gwada asibitin?" Iya ta ji. Ta ce ciwon maita ba ya son allura, ana soka masa shi ke nan, ga kuma dokar maɗori. Baba ya tsaya tsakanin uwarsa da uwar ɗansa yana murza hularsa.

Maganin maita a wurinmu ɗaya ne. A kawo wadda ake zargi ta tsallake marar lafiya a gaban jama'a, wai da haka take sakin kurwarsa da ta kama. In ta ƙi, an ce ta ƙi saki. In ta tsallake, ta amsa laifinta da ƙafarta, kuma sunan ya bi ta har kabari, ya bi jikokinta in tana da su. Ba ƙofa ta uku. Waɗanda na ji labarinsu kafin ita kuka suke yi, su yi ta rantsuwa, su nemi a kawo Alƙur'ani su dafa. Samari suka je da sanduna suka zo da Gwaggo. Ba ta kuka. Ta dubi Auta, ta dubi inda rana take, sannan ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu. Ni ma na ji: yaron mota ne a can tasha yana kiran Katsina. Motar katako ce mai ɗaukar hatsi da mutane, ita ce ta ƙarshe a yini, in ta tashi sai gobe.

"Maigida," ta ce da Baba, "da kai nika magana, ba da taro ba. In na tsallake shi, ka sa shi mota?"

Iya ta ce, "In kin sake shi, mi za shi yi da mota?"

Gwaggo ta dube ta. Ina jin a nan ne ta auna abin da za ta sayar da abin da za ta saya. Sai ta ce, da murya yadda na bakin zaure zai ji, "To ba ni sakin shi. Ba ni sakin shi sai uba nai ya rantse yana sa shi motar ga."

Taron ya ɗauki salati. Wata ta janye ɗanta ta rufe masa fuska da zane. Ta faɗa da bakinta, aka ce, ta faɗa.

"Allurar fa?" in ji Iya.

"In na sake shi, allura ba ta yi mai komi. Ku da kanku kunka ce ciwon maita na ba ya son ta."

An yi wa Iya lissafi da nata mudun. Baba ya ce, "Na rantse da Allah." Gwaggo ta ce ya ƙara murya, ya ƙara. Aka shimfiɗa Auta a tsakar gida. Ta tattare zanenta, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, ta tsallake shi, ta juyo ta ƙara tsallakawa, yadda aka ce mata. Wani ya tofa yawu kusa da ƙafarta. Ba ta waiga ba. Ta ce a ciro ƙyauren zaure a ɗauke shi a kai a kwance, kada a goya shi, kuma a bar ba shi ruwa. Abin mamaki, nan take aka bi umarninta. Sa'ad da take maƙwabciya ba wanda ya saurare ta. Da ta zama mayya, maganarta ta zama doka.

Baba ya cika rantsuwarsa. Ko don ya gaskata ta ne, ko don tsoron kaffara, bai taɓa faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Na bi ƙyauren da gudu har tasha. Aka ture buhuna aka shimfiɗa shi a bayan motar, Inna ta hau ta riƙe kansa, ba ta ko nemi izinin kowa ba. Iya ta tsaya a bakin hanya tana kiran maigidana, maigidana, har motar ta sha kwana.

A asibitin birni yammacin nan aka shiga da shi tiyata. Aka ɗebi jinin Baba aka ƙara masa. Likita ya ce saifa ce ta fashe, an cire ta, kuma da an ƙara jinkiri kaɗan da ba wannan maganar ake ba. Sai da na je makarantar horon malamai na ci karo da sauran bayanin a littafi: zazzaɓin sauro na kumbura saifar yaranmu har ta zama kamar nunanniyar gwanda, bugu kaɗan ta fashe, jini ya taru a ciki ba a gani, ya sa kafaɗar hagu ciwo ba tare da karaya ba, ƙishirwa da farin leɓe da gumi mai sanyi duk jiki ne ke cewa jini na ƙarewa. Yaro na iya faɗowa ya tashi ya taka ya ci tuwo, alhali yana kan hanyar tafiya. Na juya shafin gaba da baya, ban ga inda aka ambaci kurwa ba.

Amma unguwarmu ba ta jira littafi ba. Da Auta ya dawo, a rame, da ɗinki tun daga ƙirji har cibiya, mata suka yi guɗa suka ce Allah ya tona asirin mayya. Baba ya maimaita abin da likita ya faɗa. Iya ta ɗaga rigar Auta, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce, "To ai ga shi nan. Likita ya ɗinke inda ta hwara ci." Na sha juya wannan shari'a a kaina, ban ga ta inda matar za ta fita ba. Da ya mutu, ta cinye shi. Da ya rayu, ta sake shi.

Ba wanda ya kore ta. Garinmu ba ya korar baƙo, daina ganinsa yake yi. Ta kan hura wuta da safe kamar kullum, ta soya, wainar ta huce a faranti. Yara su ƙetare hanya, wanda ya manta ya doshi wurin a fizgo shi. Mata suka daina ba ta aron wuta. Inna kan cika ƙwarya da gero ta tura ta ƙarƙashin danga in Iya ta shiga salla, ƙwaryar ta dawo a wanke, ba wadda ta ce wa wata uffan. Auta aka rataya masa laya aka hana shi ko kallon wajen. Bayan an yanke gero, wata safiya muka ga bukkar a buɗe. Mai gajeren wandon nan na gindin bedi ya ce ya ga ta wuce da tanda a ka, ya ɗaga mata gora bai tambaye ta komai ba, don shi ma ya ji labari.

Shekaru suka tafi. Na zama malami, da albashina da keke da alƙalami a aljihun gaba. Wani hutu na ƙetara Maraɗi sayen yadi. A bakin tasha ƙamshi ya tsayar da ni tun kafin ido ya gane. Ta tsufa, bayanta ya ranƙwafa, amma yadda take juya waina da tsinke bai sauya ba. Na jingine keken na durƙusa.

"Gwaggo, ina wuni."

Ta daɗe tana kallona. "Yayan Auta," ta ce. Sannan, ba ta ko amsa gaisuwar ba, "Yana nan?"

"Yana nan, Gwaggo. Ya yi aure, har an yi suna."

"Hannun hwa?"

"Garau."

"To madalla. Maɗorin ga ya iya aiki nai."

Na fara yi mata darasi, irin na sabon malami. Na ce na karanta, saifa ce, duk abin da ta faɗa haka yake a littafi, ita ce da gaskiya. Ta bar ni na kai aya, tana zuba ƙullu.

"Iya ta yarda?"

"Iya ta rasu."

"Allah shi jiƙan ta. Jikanta taka so, ba wani abu ba."

Ta jera mini waina a takarda, ta ƙara ɗaya a kai kamar da. Na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba tukuna. Ta gutsuri gefen ta sama, ta kai bakinta, ta tauna tana kallona, ta haɗiye. Ban nema ba, kuma na ga alama ita ma ba ta yi shawara da kanta ba. Hannun ne ya saba nuna wa mai saye cewa ba a sa komai a ciki ba.

"Ci, ɗana," ta ce. "Ka ga na ci."